Musayar waƙa: ƙawaye biyu, jikoki biyu, fim ɗaya

Uwar Adashi:
Salamu alaikum 'yan zaure. A ce za a shirya fim kan ƙawaye biyu da suka tashi a lungu ɗaya cikin birnin Kano. A 1975 ɗaya ta auri mijin da ya saki ɗayar, tun daga nan ba sa ga-maciji. Yau jikokinsu na son juna. Yaya za a gina shi har yafiyar ƙarshe ta shiga ran mai kallo? Ƙwar biyu, wato kowane baiti ɗango biyu, amsa-amon "ya". Na buɗe:

Ku fara da biki, a nan ake gane ƙawa,
Ba a rantsuwa ba, ba a yawan dariya.

Ta kai mata sule goma a ranar suna,
In nata ya zo, fam guda za ta biya.

Ku nuna ninkin nan sau biyu kafin faɗa,
Mai kallo ya san nauyin aminiya.

Ran da aka maido kuɗin babu ninki,
Ba sai an yi zagi ba, an yanke igiya.

Alƙalami Ya Bushe:
Uwar Adashi, kin iya lissafin suna,
Rubutun fim kuwa da tasa ƙidaya.

Shafi guda minti guda ne a allo,
Casa'in awa da rabi ke nan, Hajiya.

Talatin ga 'yammatanci, ashirin ga iyaye,
Arba'in ga jika da kaka bai ɗaya.

Kar a ba kaka wa'azi na shafi uku,
Mai kallo zai tashi ɗora tukunya.

Ta jefa kalma biyu tana tankaɗen gari,
Ya fi huɗubar da ta cika farfajiya.

Mai Fanteka:
Marubuci ya cika shafi ya yi minshari,
Mu ke kwana neman kayan jiya.

Naira ta shigo a Janairun 1973,
Fam guda ya koma naira biyu, gaskiya.

Ninki na gaba naira huɗu ne, 'yan ɗai-ɗai,
Takardar Murtala sai 1977, kar a yi ƙarya.

Gadon ƙarfe, jeren samiru da fanteka,
Ba kushin da firji ba a ɗakin amarya.

Uwa a 1995 ba ta da wayar hannu,
A naɗi kaset, ko a aiki yarinya.

Ku dubi bayan 'yar wasa kafin a ɗauka,
Tankin roba da Adaidaita kan ɓata tafiya.

Gimbiyar Fagge:
Allah ya ja da ran Mai Fanteka! Wannan ita ce waƙa, ta Kanawa. Sauran su zo su ɗauki darasi.

Ɗan Aruli:
Darasin me, Gimbiya? Ku karanta "1973" da baki: alif ɗari tara da saba'in da uku. Gaɓa 13 ke nan, ita kaɗai ta ci ɗango guda, sannan ga "Naira ta shigo a Janairun" a gabanta. Sau uku ya yi mana haka.

Ka sa wa ɗango kaya kamar jaki,
Ya durƙusa tun bai kai rijiya.

Lamba a ido gajera ce, Malam,
A baki ta fi zaren tsamiya.

Mai Fanteka:
Ɗan Aruli, auna ƙafar waƙarka da fa'ulun, ma'aunin kari,
Ni shekara nake aunawa, ba murya.

In na cire lambar don kari ya zauna,
Ka sa Murtala a kuɗi tun yana duniya.

Mai Kyamara Kaduna:
Ku bar rigimar nan, fim a fuska yake.

Mutum guda, 'yan wasa biyu za su ɗauka,
Budurwa da tsohuwa, ɗabi'a ɗaya.

In ta farkon bahaguwa ce, ta biyun ma haka,
In da wushirya can, a nan ma wushirya.

Kar a shafa wa 'yar ashirin hoda a gira,
Zufar bazara za ta wanke ta kan a kai tsakiya.

Ku nemo dattijuwa mai tafiyar girma,
Tsufa a gwiwa yake, da kuma murya.

Akwai layi tsakanin masu magana biyu,
In kyamara ta haye shi, sun kalli gefe ɗaya.

Sai ka ga mai ban haƙuri da mai fushi
Kamar suna zance da bango, ba ido, ba kunya.

Gimbiyar Fagge:
To, 'yan Kaduna sun iso. Da ma ku kyamara kuka sani, labari sai an zo Kano.

Ɗan Rigasa:
Gimbiya, a yi adalci. Baitin wushiryar nan ya fi duk abin da aka zuba yau. Ko a Kano ɗin, wa ke riƙe muku fitila?

Ɗan Aruli:
Ya fi, amma ya kawo "ɗaya" sau biyu a amsa-amo, "murya" kuma aro ce daga Mai Fanteka. Ɗangon hoda ma ya yi jela. Ku zaɓi kari guda, Mutaƙarab ko Ramal, ku zauna a kai.

Ɗan Rigasa:
Kalangu bai taɓa tambayar fa'ulun ba, kuma ana rawa.

Ɗan Aruli:
Wannan waƙar baka ce. Nan rubutacciya muke yi.

Kunnen Zomo:
Na makara, jiya ba caji. Ga tawa kan sauti:

Janareta ya tafi bayan katanga,
A jawo wutar da doguwar waya.

Makirufo a ƙarƙashin hijabi ƙaiƙayi ne,
Kowane motsi sai ya ci rabin murya.

A cire warwaro kafin fitowar kuka,
Ƙararsa kan rufe sheshshekar zuciya.

In an gama, kowa ya yi tsit minti guda,
A naɗi shirun ɗakin don haɗa tsakiya.

Na san "murya" da "tsakiya" an riga ni. Ɗan Aruli ya rubuta tara, zan biya da goro.

Uwar Adashi:
Kun cika min zaure da awon gaɓa, an bar tsofaffina a tsaye. Ga fitowar da na tambaya:

Auren bai haramta ba, ta jira an gama idda,
Ciwon a amana yake, ba a shari'ar aure ba, Hajiya.

Mijin ya rasu, takaba wata huɗu da kwana goma,
Kar ku fito da ita biki a sati, abin kunya.

Kar ku jira gadon mutuwa kafin su shirya,
Yafiyar numfashin ƙarshe arha ce, ba wuya.

Mai laifi ta taka da ƙafarta har ɗaki,
Ta ambaci laifin da sunansa, ba kewaya.

Ɗayar ta yi shiru, ta ci gaba da kaɗi,
Ku bar kyamara a kanta, kar a sa sarewa ko garaya.

Sannan ta kwance bakin zane a hankali,
Naira huɗun da ta rage, ta cika biya.

Alƙalami Ya Bushe:
Hajiya, na sara miki, wannan ta zauna,
Sai dai jikokin kin bar su a hanya.

Hukumar tace fim ta Kano, tun 2001,
Ba ta yarda saurayi ya riƙe hannun yarinya.

Soyayyar a zaure za a gina ta,
Tabarma biyu, ƙanwa na leƙe tana dariya.

Mai Fanteka:
Naira huɗun nan su zama tsofaffin takardu na naira ɗai-ɗai, masu laushi, da alamar ninkewa. In aka fito da sababbi, an kashe fitowar.

Ɗan Aruli:
Alƙalami, kai ma ka shigo da 2001? Hajiya kuma, da girmanki, ɗangon shari'ar aure ya kai Wudil ya dawo, kika liƙa masa "Hajiya" a wutsiya don ya sami "ya". Wa kike kira, ke ce fa Hajiyar.

Gimbiyar Fagge:
A taɓa kowa ban da Uwar Adashi. Kai da ka yi baiti biyu tun safe!

Ɗan Aruli:
Biyu masu ƙafa. Ina kan na uku.