Allurar zafi da ta mai suna haurawa tare a tsohuwar Land Cruiser, ina mafita?

Magajin Baba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan motar da na gada wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa: Land Cruiser FJ60 ƙirar 1985, mai injin fetur 2F. Da ita nake shiga gona da damina. Wata biyu ke nan, ina cikin tafiya sai in ga allurar zafi ta miƙe ta nufi ja, ita ma ta mai ta rufa mata baya ta nuna tanki cike, alhali ko rabi babu. Bayan minti ɗaya ko biyu su sauko abinsu. Ranar farko tsakar daji na taka birki, na ɗaga bonet gabana na faɗuwa. Ba tururi, ba ƙauri, fanbel lafiya lau. Bakanikena ya cire tamostat, ya sa sabuwar sendar zafi (mai auna zafin injin ta aika wa allura), amma jiya i yau. Mai rewaya kuma ya ce in je Ƙofar Ruwa in sayo mitar gaba ɗaya 'yar Beljiyam. Ga shi allurar maleji ma rawa take yi. Me ya kamata in yi kafin in zubar da kuɗi?

Ɗan Kamasho: Wa alaikumus salam. Alhaji, motar da ta kai shekara arba'in ai ta gama biyan bashinta. Ka liƙe wurin da baƙin salatif ka huta, mu haka muke yi.

Tsohon Direba: Kai yaro, kada ka jefa bawan Allah cikin asara. Mai ko ba allura kana iya lissafinsa da kai. Zafi fa? Ranar da tiyo ya fashe a burji, allurar nan ce kaɗai za ta gaya maka kafin gasket ya ƙone. Magaji ɗana, kafin komai ka sa a mayar da tamostat ɗin nan. Wannan ɗabi'a ta garejinmu ta cire shi wai ƙasarmu da zafi, ba ta taɓa kwanta mini ba. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da hunturu, sai shan mai ya ƙaru.

Mai Rewaya a Panteka: Yallaɓai, ka riga ka faɗi ciwon da bakinka: tare suke hawa. Sendar zafi tana jikin injin, fulot ɗin mai yana can cikin tanki a baya. Me ya haɗa su da za su lalace a daƙiƙa ɗaya, su kuma warke tare? Abin da ya haɗa su shi ne wutar da suke sha.

A irin motarka, allurorin nan biyu ba sa karɓar bolt 12 na batir kai tsaye. Cikin gejin mai akwai wata 'yar regileta da ke rage wutar zuwa kusan bolt 7, daga nan gejin zafi ma yake samun tasa. Siririn ƙarfe ne da aka naɗe da waya mai laushi kamar gashi. Wuta ta bi wayar, ƙarfen ya yi zafi ya lanƙwashe, bakinsa ya rabu da ɗan'uwansa, wuta ta yanke. Ya huce ya dawo ya taɓa. Haka yake yi ba hutu muddin makulli na kunne. In bakin ya yi datti ya manne, ko at ɗin mitar, wato wayar da ke haɗa ta da bodi, ya yi rauni har siririyar wayar ta kasa ɗumama ƙarfen, sai wutar batir ta wuce gaba ɗayanta, allurori biyu su ƙure tare. Ka ci gargada, girgiza ta ɓamɓare shi, su sauko.

Ka cire kan batir tukuna. A zaro mitar, a kankare inda wayar at ta kama bodi har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa. In ba ta ƙare ba, a buɗe gejin mai, a zura 'yar sanfefa mafi laushi tsakanin bakunan biyu, a ja sau uku ko huɗu, a bi da farar takarda a share. Amma hannu mai sanyi ake so. Na taɓa ba yarona wannan aikin, ya sa sukundireba ya tsinke wayar, sai da na biya mai mota geji daga aljihuna.

Magajin Baba: Allah ya saka da alheri, Oga. To in na sayo ta Beljiyam ɗin fa, ba a huta ba?

Mai Rewaya a Panteka: Sa'ar taka za ka sayo, shekarunsu ɗaya, ciwonsu ɗaya. Kuma ka kula, wasu masu dizal irin HJ60 da aka shigo da su daga Turai bolt 24 suke amfani da shi. A ido mitar kamar taka ce, a jiki ba za su shirya ba.

Injiniyar Sola: Ƙari kan bayanin Oga. Idan bakin ya cinye har ba ya gyaruwa, ana iya kashe tsohuwar regiletar a sa ta zamani mai ƙafa uku da ke fitar da bolt 7, irin wadda masu gyaran rediyo suka sani. Ita ba ta da bakin da zai manne. Sannan in za ku gwada geji ta hanyar taɓa wayar senda da bodi, taɓawa ɗaya ta isa. Da allura ta motsa a ɗauke, in aka bar ta gejin zai ƙone. Wayar gejin man injin kuwa kada ma a gwada mata haka.

Tsohon Direba: Maleji kuma ba ruwansa da wuta. Kebul ne ya taso daga giyar taransifa yana juyawa cikin bututunsa har bayan mita. Giris ɗinsa ne ya bushe, ko ya sami lanƙwasa, shi ya sa yake kamawa yana saki. Tunda za a zaro mitar, a zare shi a wanke da kananzir, a shafa giris kaɗan, a bar wajen taƙi ɗaya na sama ba a shafa ba, kada ya haura cikin maleji. In ka ga silin waya ya fara warwarewa, sabo za ka saya.

Magajin Baba: 'Yan uwa na dawo da labari. Mun zaro mitar ranar Asabar. At ɗin ya yi kore shar, ga gidan zanzaro a bayan gejin mai. Mun kankare, mun goge bakin regileta, an mayar da tamostat. Na je gona na dawo sau biyu, allurar zafi tana tsaye ƙasa da tsakiya kaɗan, ta mai kuma ta koma faɗin gaskiya, abin da bai yi wa aljihuna daɗi ba. Kebul ɗin maleji dai ya warware a wuri biyu. Baba Direba, na Hilux zai shiga, ko dole sai nata?

Tsohon Direba: Kada ka yi cinikin baki. Ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwa, ka gwada tsayi da kawunan biyu a gaban mai shago kafin ka miƙa kuɗi.