Da tsuntsu ya tashi sai hoton ya lalace: yaya kuka yi da taku kyamarar?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na fara bin tsuntsaye da kyamara, kuma akwai abu ɗaya da ya hana ni sakat. In tsuntsu na zaune a kan reshe, hotona yakan fito tar, har gashin wuyansa ana iya ƙirgawa. Amma da zarar ya buɗe fiffike, shi ke nan. Jiya da sassafe na yi wajen minti 40 a tsugune bayan wani kututture ina gadin wani zalɓe da ke tsaye a bakin ruwa. Na ga lokacin da ya lanƙwasa ƙafafu, na danna, kyamara ta ɗauki hoto bakwai a jere. Da na buɗe su a kwamfuta, uku babu komai sai ƙafafunsa a can saman hoton. Huɗu kuma yana ciki, amma kamar an goge shi da hannu kafin fenti ya bushe. Ciyawar da ke bayansa kuwa ta fito fes.

Gilashina 70-300mm ne, na zuƙo shi har ƙarshe. Ƙofar haske tana f/5.6, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 200, saurin ƙiftawa kuma kyamarar ce ta zaɓa da kanta, 1/320 na daƙiƙa. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labarin abin da ya same shi da yadda ya fita. Na fara tunanin ko sai na sauya gilashi.

Mai gilashin 400:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka sauya komai tukuna. Rabin amsarka tana cikin wannan 1/320 da ka rubuta. Ni ma shekarata ta farko haka na ƙare ta. Shirwa nake bi a lokacin, tana shawagi a hankali kamar ba ta motsi, sai in ce ai 1/400 ya isa. Da na zo dubawa sai in tarar bakin fiffiken ya narke, idon ma ya ja wutsiya. Abin da ido ke gani a hankali, a cikin dogon gilashi gudu ne.

Ga inda na tsaya bayan gwaji mai yawa. Manyan tsuntsaye masu kaɗa fiffike a natse, irin zalɓe da ungulu, ba na sauka ƙasa da 1/1600. Kurciya da hasbiya 1/2500. Tsattsewa kuwa 1/4000, in hasken ya yarda. Kai da kake kan 1/320, in ka ninka sau uku za ka kai 1/2500: 640, 1250, 2500. Kowane ninki yana cinye rabin hasken da ke shiga, don haka sai ka biya da ISO, shi ma ninki uku: 400, 800, 1600. Hasken hoton bai sauya ba, amma tsuntsun ya daskare.

Wani abin da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne na'urar hana girgiza da ke cikin gilashi, wadda Canon ke kira IS, Nikon kuma VR. Rawar hannunka kawai take gyarawa, ba ruwanta da motsin tsuntsu. Gilashin da nake riƙe da shi, 400mm f/5.6 na Canon, tun 1993 aka fito da irinsa, ba shi da wannan na'urar sam, kuma da shi na ɗauki mafi yawan hotunan da nake alfahari da su.

Mai bin agwagin ruwa:

Baba ya faɗi gaskiya, amma malam mai tambaya, akwai kalma ɗaya a bayaninka da ta tsaya mini: ka ce ciyawar baya ta fito fes. Ka koma ka ƙura wa hotunan ido. In jikin tsuntsun ya ja zare-zare ta gefe guda, saurin ƙiftawa ne ya gaza. In kuwa ya yi dishi-dishi ko'ina daidai wa daida alhali bayansa ya fito, to saitin ne, wato fokas, ya zame daga kansa ya koma kan ciyawa. Ni na biyun ne ya fi wahalar da ni.

Na kwashe watanni kyamarata tana kan AF-S ban sani ba. Shi wannan da ka taɓa maɓalli rabi sai ya kama wuri ɗaya ya kulle. Agwagwa ta taso daga ruwa ta nufo ni, saitin na can baya inda ta baro. Ranar da na mayar da shi AF-C, wanda a tsofaffin kyamarorin Canon ake rubuta AI Servo, sai na ji injin gilashin yana ta ƙaramar ƙara yana bin ta. Daga baya na raba aikin gida biyu: babban yatsa a kan maɓallin AF-ON na baya yana riƙe saiti, manuniya kuma tana ɗauka kawai. Sati biyun farko hannuna ya yi ta rikicewa, na yi asarar hotuna da dama, har na kusa komawa gidan jiya. Yanzu ko tunaninsa ba na yi.

Sannan ɗigon saiti guda ɗaya tal yana da kyau ga tsuntsun da ke cikin rassa. Mai tashi kuwa, ka buɗe rukunin ɗigo biyar ko tara na tsakiya, don in ya kuɓuce wa ɗaya wani ya cafke.

Mai tsoron ISO a da:

Ni matsalata tsoro ce. An taɓa gaya mini kada in wuce ISO 400 don kada hoto ya yi yashi-yashi, na riƙe maganar gam. Wata safiya da hadari na samu shaho ya sauko ya ɗauki wani abu a ƙasa, taku kaɗan daga inda nake. Ban taɓa samun irin wannan kusancin ba, kuma har yau ban sake samu ba. Hotunan sun fito sumul babu yashi ko ɗaya, kuma babu wanda za a iya nuna wa mutum, duk sun shafe. Na daɗe abin yana cina.

Tun daga ranar na koma M: ni ke zaɓen saurin ƙiftawa da ƙofar haske, ISO kuma na sakar wa kyamara ta hau ta sauka da kanta, na yi mata iyaka a 6400. Yashin da ke hoto ana rage shi a kwamfuta, musamman in da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, aka ɗauka. Hoton da ya shafe kuwa ban ga manhajar da ta dawo mini da shi yadda nake so ba.

Mai son fiffike ya nuna motsi:

Ni dai ba na tare da ku ɗari bisa ɗari. In komai ya daskare, tsuntsun yakan yi mini kama da wanda aka rataye da zare. Ina sa 1/800 ga balbela, in bi ta da gilashi daidai da gudunta, ido ya fito, bakin fiffike ya ɗan shafe. Cikin hoto 30 ina iya samun biyu. Su biyun nan sun ishe ni. Amma wanda yake farawa, ya bi maganar Baba tukuna.

Mai littafin aljihu:

Ɗan'uwa, an yi maka bayanin hotuna huɗun da suka shafe. Bari ni in taɓa ukun da ƙafafu kawai suka fito a ciki, don nan ne na fi daɗewa.

Na bar kyamara a gida na yi kusan wata guda ina fita da ɗan littafi da biro kawai, ina rubuta abin da tsuntsu ke yi kafin ya tashi. Abu na farko da na lura: suna tashi ne suna fuskantar iska, kamar yadda jirgin sama ke yi, kuma girman tsuntsu girman buƙatarsa ga hakan. To in iska na bugun bayanka, tsuntsun zai taso ta wajenka, ka samu fuska da ƙirji. In tana bugun fuskarka, wutsiya za ka yi ta ɗauka. Ranar da rana da iska suka haɗu a bayanka, ranar ce ta fita. Ni yanzu kafin in ciro kyamara daga jaka sai na tsinki ɗan busasshen ganye na saki in ga inda zai nufa.

Na biyu, suna ba da sanarwa. Shirwa da shaho sau da yawa sukan ɗaga wutsiya su yi kashi, jim kaɗan sai tashi. Zalɓe yakan daina kallon ruwa, ya miƙe wuya, ya juya jiki ya fuskanci iska, sannan ya durƙusa. Kai ka jira durƙuson ne sannan ka danna, lokacin kuwa an riga an makara. Tun daga juyawar jikin ake fara ɗauka. Kurciya takan yi ta gyaɗa kai da sauri, gashinta ya kwanta luf a jiki. Da ka ga gashi ya kwanta, yatsanka ya zauna a kan maɓalli.

Na uku, ka rage zuƙowa. Zalɓen da ke tsaye siriri ne kamar sanda, amma in ya buɗe fiffike faɗinsa ya haura mita ɗaya da rabi. In ka cika hoton da shi yana tsaye, ina zai shiga in ya buɗe? Ka dawo 200mm, ka ajiye shi a ƙasan hoto ta gefe, ka bar masa fili a sama da kuma gaban da zai nufa. Gara ka yanke gefen hoto a kwamfuta da ka rasa kai.

Akwai kuma ƙananan tsuntsaye masu cafkar ƙwari a iska, waɗanda ke tashi daga reshe su dawo kan reshen nan dai. Su ne makarantata. Na kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, na saita a kan reshen, na rufe ƙofa zuwa f/8 don zurfin saitin ya ƙaru, na daina leƙawa ta cikin kyamara ma. Da ido nake kallonsa, in ya juyo zai sauka sai in danne.

Mai sabuwar kyamara:

Gaskiyar yaya ce, amma ko an karanci tsuntsu, tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna akwai kusan rubu'in daƙiƙa, ƙaramin tsuntsu kuwa ya riga ya fice. Kyamarori marasa madubi da yawa yanzu suna da wata dabara: muddin ka riƙe maɓalli rabi, suna ta ɗauka suna zubarwa, da ka danne sai su adana har da na kafin dannawar. Olympus ta sa wannan a E-M1 Mark II tun 2016 da sunan Pro Capture, wasu kamfanonin suka biyo baya. Da shi na fara samun lokacin da ƙafa ke rabuwa da reshe. Sai dai kati na cika da wuri, zaman tantancewa kuma ya fi zaman ɗauka tsawo. Na kuma ga fiffiken ƙaramin tsuntsu ya lanƙwashe kamar lauje a wasu hotunan, saboda ƙiftawar lantarki tana karanta sensa, wato farantin da ke kama hoto, layi-layi ne daga sama zuwa ƙasa, fiffiken kuma ya matsa kafin ta gama.

Mai gilashin 600:

Mai tambaya, tun da ka ambaci sauya gilashi, ga nawa labarin. Na tara na sayi 150-600mm ina ganin an gama. Fitata ta farko da tsakar rana ce, na hango tsuntsaye can nesa a kan fili, na zuƙo har 600, ƙiftawa 1/2500, saiti daidai. Duk suka fito kamar a cikin ruwa. Na ɗauka gilashin ne, ashe kawalwalniya ce: iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa tana karkatar da haske, dogon gilashi kuma yana tattaro ta duka ya ƙara mata girma. Washegari da sanyin safiya, wuri ɗaya, gilashi ɗaya, hoto ya fito. Ga nauyi, kusan kilo biyu, kafin ka ɗaga ka nemo tsuntsu a sama ya wuce. Da 300mm ɗinka za ka fi saurin koyon bin mai tashi.

Ka kuma kula da haske in tsuntsun ya bar ciyawa ya shiga sararin sama. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage, tsuntsun ya zama baƙin inuwa. Ina ƙara hasken hoto da +1, wani lokaci har +2. Balbela a gaban duhun bishiyoyi kuwa akasin haka ne, ina rage -1, in ba haka ba farin gashin ya ƙone babu zane ko ɗaya.

Mai bin agwagin ruwa:

Abu ɗaya zan ƙara, don na aikata shi kuma na yi nadama. Kada gajiyar jira ta sa a kori tsuntsu don a samu hoton tashi. Na taɓa matsawa da gangan kusa da wata tsuntsuwa da ke kwance a ƙasa, ta tashi, na samu hotona. Sai da na sauke kyamara na ga ƙwai biyu a inda ta tashi, rana na dukansu, ga hankaka a kan bishiya yana kallo. Na ja da baya da sauri na zauna nesa, sai da ta yi kusan minti 20 kafin ta dawo. Minti 20 ɗin nan ban ɗaga kyamara ba, idona na kan hankakan. Hoton yana nan, ban taɓa nuna wa kowa ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan'uwa. Yau na koma bakin ruwan tun kafin rana ta fito sosai. Na sa M, 1/2000, f/5.6, ISO na hawa da kansa, saiti a AF-C da ɗigo tara, gilashi a 220mm. Na saki ganye, iska ta kai shi hagu, sai na zagaya na zauna ta dama. Zalɓen ya sa ni jiran sama da awa ɗaya. Da ya juya jiki na fara ɗauka. Hoto 14, yana cikin 11, biyar sun fito da ido tar, a ɗaya har ana ganin ɗigon ruwa na zuba daga yatsun ƙafarsa. ISO ya kai 2500, akwai yashi a inuwar ƙarƙashin fiffike amma bai dame ni ba. Sauran shidan saitin ya koma kan ciyawa daidai lokacin da ya ratsa gaban wasu dogayen karare. Yaya mai bin agwagi, a irin wannan wurin rage ɗigon kike yi zuwa biyar, ko sakin maɓallin baya kike yi har ya wuce kararen?