Ɗiyata ba ta barina in zauna a sujada, ya kuke yi da naku?

Maman Alheri, Sabon Tasha, Kaduna

Salama gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ina neman shawarar iyayen da suka riga mu, don abin nan ya daɗe yana cina a rai. Ɗiyata ce ta fari, shekararta ɗaya da wata tara, kuma tun da ta soma tafiya ban ƙara jin wa'azi daga farko har ƙarshe ba, ko sau ɗaya.

Ran Lahadi ƙarfe biyar nake tashi, in ɗora ruwa, in dama mata kunun gyaɗa in zuba a fulas, in yi mata wanka in shirya ta, kafin ni in gama ɗaura ɗankwali ta riga ta ɓata rigar sai an sake wata. Babanta yana cikin kwaya shi ke kaɗa jita, so tun shida da rabi ya fita, ni ce zan goya ta in ɗauki jaka in je bakin titi neman keke. In mun shiga coci lokacin waƙoƙi ba ni da matsala da ita ko kaɗan, in matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka fara buga tulu da kacau-kacau har rawa take yi tana tafi, kowa na dariya. Amma da zarar Fasto ya buɗe Littafi an yi tsit, shikenan kamar an kunna ta. Sai ta sauka, sai ta shiga ƙarƙashin benci, sai ta cire takalmi ta wurga. Satin da ya wuce ta fizge littafin waƙoƙin wata mama da ke kusa da mu ta yage shafi guda, na rasa inda zan sa kaina don kunya, kafin in gama ba da haƙuri osha, mai kula da zaman jama'a a coci, ta zo ta ce min a hankali wai in ɗan fita da ita. Na fita, muka zauna gindin dalbejiya har aka tashi, ranar kuma akwai Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, ina jiyo waƙar daga waje hawaye suka zubo min.

Makarantar Lahadi a wurinmu sai yaro ya kai shekara uku suke karɓa. Na taɓa ba ta waya na sa mata kartun ba sauti, ta yi shiru kam, amma irin kallon da wasu suka yi min ya sa na kashe. Surukata kuma ta ce in riƙa zuwa da ɗan tsinken tsintsiya ina tsula mata a ƙafa, wai haka ta yi da nata duka suka natsu, ni kuma zuciyata ba ta ba ni ba.

Ga kuma addu'ar dare da muke yi ni da maigida tun farkon aurenmu, ita ma ta mutu, in mun buɗe Littafi sai ta hau kai, in mun jira ta yi barci mu ma barcin ya kwashe mu. Gaskiya har na fara tunanin ko in riƙa zama a gida kawai sai ta yi wayo, don me amfanin in biya kuɗin keke zuwa da dawowa in je in zauna gindin bishiya? Ya kuka yi da naku dan Allah?

Kakan Yara, Kafanchan

'Yata, sannu. Share hawayenki. Ni shida na haifa, yanzu jikoki nake goyo, kuma ba wanda ban zauna da shi a waje ba, na ukun ma sai da ya yi fitsari a kan zanen Uwar Zumunta, shugabar matan zumuntarmu, ranar da muka sa anko, yau shi ne yake koyar da yara a Makarantar Lahadi.

Ki buɗe 1 Sama'ila sura 1, ki karanta daga aya 21 zuwa 24. Elkana ya tashi da iyalinsa duka za su Shilo yin hadaya kamar yadda suka saba kowace shekara, matarsa Hannatu ta ce ita ba za ta ba sai ta yaye ɗanta Sama'ila, mijin kuma bai yi mata faɗa ba, ya ce ta yi abin da ta ga ya fi. Matar da ta yi kuka a gaban Ubangiji har Eli firist ya zaci ta sha giya, ita ce ta zauna gida saboda reno, kuma ba inda aka rubuta cewa ta yi laifi. Ba wai ina ce miki ki daina zuwa ba ne, a'a, ki riƙa zuwa, amma ki cire wa ranki cewa Allah yana fushi da ke don kina gindin dalbejiya. Renon nan da kike yi shi ma hidima ce.

Abin da muka yi a ikkilisiyarmu, mu tsofaffin zumunta muka je wurin dattawa muka roƙa aka cire benci biyu na can baya kusa da ƙofa, muka shimfiɗa tabarmi. Masu goyo nan suke zama, yaro ya yi rarrafe ya yi birgima ba wanda ya dame shi, uwa kuma tana jin wa'azi, in ya fara ihu taku uku kin fita, ya yi shiru kin dawo. Mu da muka gama haihuwa muna karɓar yaran bi da bi, musamman ranar Jibi, don uwar ta samu ta ci. Ki sami Uwar Zumuntarku ki faɗa mata damuwarki, kar ki ji nauyi, na tabbata ba ke kaɗai ba ce a wajen nan, ki duba gindin bishiyar ki ƙirga ku nawa ne.

Maganar tsintsiya kuwa, surukarki uwa ce, kar ki yi musu da ita, ki ce to Mama na ji. Amma kar ki daki yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba a cikin ɗakin sujada, za ta taso tana ganin wurin nan wurin duka ne.

Baban Tagwaye, Jos

Madam sannu da ƙoƙari. Ni abin da ya tsaya min a labarinki shi ne maigida, kuma ba zarginsa nake ba don ni ma haka na yi. Ina cikin 'yan kwaya a cocinmu na COCIN, tagwayenmu suna da shekara biyu lokacin, kullum ina gaba da maik ina jin kukansu daga baya ina cewa a raina ai mamansu na nan. Sai wata Lahadi muna komawa gida na tambaye ta ya ta ji wa'azin, ta kalle ni ta ce rabonta da jin wa'azi tun Ista, a lokacin kuma muna watan Agusta ne. Kunya ta kama ni sosai.

Abin da muka tsara, in kwaya ta gama waƙa kafin wa'azi ai ba a bukatata sai lokacin baiko, so sai in sulale in zagayo baya in karɓi yaran ita ta shiga ta zauna, sati mai zuwa ita ta riƙe su, ni in zauna. Na gaya wa shugaban kwaya tun farko, bai hana ba. Wasu sun yi ta tsokanata wai na zama mai reno, na ce eh na zama, ai Afisawa 6:4 da ubanni take magana kai tsaye a kan tarbiyyar yara, ba a ce iyaye mata kaɗai ba. Ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba ranar Lahadi da rana da kowa ya gaji ba, ki faɗa masa kamar yadda kika rubuta mana nan, har maganar hawayen. Yawancinmu maza ba mugunta ba ce, ba mu lura ne kawai.

Addu'ar gida kuma ku daina jiran ta yi barci, ku yi da ita. Mu da an gama cin tuwo tun kwanuka na ƙasa muke yi, waƙa ɗaya mai tafi, aya ɗaya tak, addu'a gajeriya a kira sunan kowa har kaka da ke ƙauye, minti biyar an gama. Dogon karatun sura guda sai mu bar shi zuwa asuba kafin su farka, wata rana a samu wata rana ba a samu ba.

Anti Nas

Ƙanwata bari in ƙara ta ɓangaren aikina na nas. Yaro mai shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya har da na rana, to in kin tashe ta da sassafe an yi wanka an sha hanya, daidai lokacin wa'azi barci ne da yunwa suke haɗuwa mata, shi ya sa take birkicewa. Ki gwada kwantar da ita da wuri ran Asabar, kuma da an fara sanarwa ki ba ta kununta ki goya ta ki ɗan jijjiga a baya, da yawa nan suke yin barci. Kar ku zauna kusa da lasifika, ƙarar tana firgita su kuma ba ta da kyau ga kunnensu.

Abin taɓawa ki zo da ayaba ko dafaffen dankali ko biskit mai narkewa, banda gyaɗa ƙwaya-ƙwaya da alewa mai tauri da gugguru, suna iya shaƙe yaro a wannan shekarun. Waya kuwa, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kar a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, mai shekara biyu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Tunda tana shiga cikin yara da yawa, ki duba katinta ki tabbata ta karɓi allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15, iyaye da yawa daga ta wata tara suke tsayawa.

Maman Boyis

Ni dai gaskiya Anti Nas ba na musu da ke amma wani lokacin ba yadda mutum zai yi, nawa uku ne duk maza, mijina soja ne ba ya gari, in ban ba ƙaramin waya na minti goma ba to mu huɗu za mu fita waje. Wanda ya kalle ni in kalle shi, in yana so ya taimaka ya zo ya ɗauki ɗaya. Abin da na ga ya ɗan rage min shi ne jaka ta musamman da ba a buɗe ta sai a coci, tsohon littafi da kala da 'yar mota mara ƙara, tunda sati-sati suke ganinsu ba sa saurin gajiya da su. Zama a gida kam kar ki fara Maman Alheri, na gwada wata biyu, kaɗaici ya kusa kashe ni, ko gaisawar da ake yi bayan an tashi ma wani abu ne.

Maman Alheri, Sabon Tasha, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku. Mama Kakan Yara na karanta wurin Hannatu har sau uku, na sha karanta labarin amma ban taɓa lura da wannan ayar ba. Na kuma ƙirga kamar yadda kika ce, mu bakwai ne a gindin bishiyar jiya, biyu ma ban san sunansu ba sai jiyan.

Na yi wa Baban Alheri magana ran Alhamis da dare, ya yi shiru ya daɗe, sai ya ce shi duk zatonsa ina jin komai daga waje ta lasifika. Jiya da kwaya ta zauna sai ga shi ya zagayo ya karɓe ta, na shiga na ji wa'azi kusan rabi kafin a kira su baiko, ta ɗan yi kuka da ya miƙo min ita amma na goya ta ta yi barci. Addu'ar bayan tuwo mun yi sau uku, ba ta zauna ba ko sau ɗaya, tana ta zagaye tabarma da cokali a hannu, amma daren Asabar da muka ce amin ta tsaya ta ce "ami" ta tafa hannu.

Katin allura na duba, ta wata 15 ɗin ba mu yi ba, zan kai ta asibitin unguwa wannan satin. Ran Talata muna da zumunta, mu uku mun shirya za mu sami Uwar Zumunta a kan maganar tabarmi. Mama dan Allah ku da kuka je wurin dattawa, wasiƙa kuka rubuta ta hannun magatakarda ko da baki kuka faɗa?