'Yan Facebook sun cika min group, ya zan yi da su?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa dan Allah a bani shawara. Ina da group na WhatsApp da nake saida atamfa da leshi, da can mu ɗari da ɗoriya ne duk kwastomomi na ne na sansu, sai ƙanwata tace in sa link ɗin a Facebook kasuwa zata buɗe. Wallahi cikin kwana uku mun haura 700. Yanzu in na buɗe data bayan asuba sai in tarar da saƙo rututu, wannan ya turo link ɗin tallafi, wancan tallan maganin basir, jiya kuma wasu biyu suka kaure da faɗan siyasa har da zagin iyaye a ƙasan hoton shadda ta. Wata hajiya da take ɗaukar turmi biyar biyar ta fita ko sallama babu, abin ya tsaya min a rai. Rufewa zanyi in buɗe sabo ko ya?

Abu Khalil:
Hajiya kar ki rufe. Fara canza link ɗin tukun, da kin canza tsohon da ke Facebook ya mutu. Sannan ki kunna wajen da sai admin ya amince mutum zai shigo, in ba haka ba har 1024 zasu cika miki shi dan nan ne iyaka. Kuma tun 2022 admin yana iya goge saƙon kowa ya ɓace ma kowa, amma fa kada ya wuce kamar kwana biyu, kuma za'a ga ke kika goge. Ni da nine ma kulle shi zanyi, admin kaɗai ya riƙa magana.

Ummu Safwan:
A'a malam kullewa gaba ɗaya kashe kasuwa ne, na gwada. Mace tana so taga wata tace kaya sun iso kuma basa zuba, wannan shi ke sa ta turo kuɗi. Ni ƙarfe goma na dare nake kullewa in buɗe takwas na safe, masu fitinar dama cikin dare suke fitowa. Wanda yayi zagi bana gardama dashi a cikin mutane, gogewa nake in bishi ta bayan fage sau ɗaya, ya sake in cire shi. Mai link ɗin tallafi kuwa ko gargaɗi babu. Kuma yaya kar ki ba baƙo admin komai daɗin bakin sa, ki ba ƙanwar taki.

Ɗan Kantin Kwari:
Ki gaya ma matan nan duk wanda ya kira yace daga group yake a karanto masa lamba shida da ta shigo waya, ɓarawo ne. Da ita suke ƙwace WhatsApp ɗin mutum su bi dangi suna roƙon kuɗi da sunan sa.

Maman Ilham:
Nagode Allah ya saka da alheri. Na canza link, na cire mutum 31. Hajiyar ma na kirata na bata haƙuri, tace in maida ita in ƙura ta lafa.