Aladu za su iya share lambun da ciyawa ta cinye?

Maman Ladi, Bukuru: Jama'a barkanmu. Lambu ne fuloti ɗaya, shekara biyu ba a taɓa shi ba, aya-aya da tofa da kiri-kiri sun rufe shi ruf. Ana so a sa kabeji da karas da rani. In aka zuba aladu a ciki, za su yi aikin ko ɓarna kawai za su yi?

Baba Mai Lambu: Za su yi, Mama, amma kada ki sakar musu filin gaba ɗaya. Alade in ya sami fili, inda ya ga dama yake tona, ya bar sauran. Ki yanka wurin kamar mita 10 a kan 10, ki sa matasan aladu biyu masu nauyin kilo 30 zuwa 40, in sun juye ƙasar ki matsar da su gaba. Aya-aya ce abin sonsu, ƙwayar da ke ƙasa suke bi, wadda fartanya ke bari. Inda suka ƙi taɓawa ki huda ƙasa da sanda ki zuba ƙwayar masara, da hanci za su nome miki wurin. Wanda aka sa wa zobe a hanci ba ya tono.

Lokaci fa shi ne Oktoba, da damina ta ja baya. A Agusta taɓo za su kwaɓa, ƙasa ta danƙare kamar daɓe. In hunturu ya shiga kuwa ta yi tauri, sai an jiƙa.

Kiri-kiri dai gutsuttsura shi suke yi, kowane guntu kuma sai ya tsiro. Dole a bi da manjagara a tsince.

Dakta, Vom: Kafin su shiga a tumɓuke zaƙami, zurma da cini-da-zugu, duk guba ne. Haka ganyen dankalin turawa da dankalin da ya yi kore. A ba su maganin tsutsar ciki tun suna ɗaki, domin ƙwan tsutsar yana shekaru a ƙasa kuma yana kama mutum. Bayan an fitar da su a juya kashinsu a cikin ƙasa, a tabbatar an yi kwana 120 kafin a ciri abin da ake ci ɗanye, irin latas da karas. Kada aladun maƙwabta su kusanci shingen saboda zazzaɓin aladu na Afirka, ba shi da magani.

Oga Bitrus: Shinge ta ƙasa suke fasa shi. A binne gindin kwano ko waya kamar taƙi ɗaya, turaku daga waje. A yi musu rumfa, farin alade rana na ƙona shi, ruwa kuma a mazubi mai nauyi don suna kifarwa. Abincinsu a ci gaba da ba su, ciyawa ba ta ƙosar da su.

Maman Ladi: Na gode, Baba da Dakta. Tofar fa, suna cin saiwarta ko sai an haƙa?