Abin da makanikai suka ce kan ɗaga bayan Land Cruiser

Zancen ya taso ne a wani gareji cikin Sakkwato, da wani mai Land Cruiser 80 ya ce in ya loda kaya ya nufi ƙauyukan Tangaza, bayan motar sai ya zauna, gindinta na shafar rairayi.

Tun farko aka cire Hilux daga maganar, don bayanta sifirin mai falle-falle gare shi, ba naɗaɗɗe irin na Land Cruiser 80 ba.

Kan roba da ake cusawa saman sifirin aka fi jayayya. Araha gare ta, tana kuma ƙara tsayi, amma ba ta ƙara wa sifirin ƙarfin ɗaukar kaya. Mafi yawa suka ce mai lodi kullum ya sayi sifirin mai kauri, na dama da na hagu tare. Sai dai in motar ba kaya za ta riƙa tsalle kamar amalanke. Ni ma kan sifirin mai kaurin na tsaya.

Tsayi kuwa, inci 2 ya isa. Wani dattijon bakanike ya ce, "Alhaji, in ka wuce haka ka jawo wa aljihunka aiki." In an wuce inci 2, dole a sa shokozoba mai tsawo, a duba tiyon birki kada ya ɗame in ƙafa ta faɗa rami. Sandar da ke riƙe aksil (ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya) a kwance ma takan janye shi gefe guda, sai an sa mai daidaituwa. Akwai kuma bawul ɗin da ke raba birki gwargwadon nauyi, wanda ake yawan mantawa a gyara masa zama.

Motar da aka ɗaga ta fi saurin jirkicewa a kwana, direba ya rage gudu.