Ganuwar Jinji: ta Maratha ce ko ta mutanen Tamil?

Malam Bala: Jama'a, a Yulin 2025 UNESCO ta sa ganuwar Jinji da ke jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya cikin kayan tarihin duniya, amma a jerin ganuwowi 12 na daular Maratha. Sauran 11 duk a jihar Maharashtra suke, ƙasar mutanen Maratha. Ni dai ban yarda a kira ta ginin Maratha ba.

Hajiya Ladi: Haba Malam, ai Shivaji, wanda ya kafa daular Maratha, ya ƙwace ta a 1677 ya ƙara mata ƙarfi. Da aka kashe ɗansa Sambhaji a 1689, nan ƙanin Sambhaji, Rajaram, ya gudo ya kafa gadon mulki. Zulfikar Khan, kwamandan Aurangzeb sarkin daular Mughal, ya yi mata ƙawanya tun 1690, bai samu shiga ba sai 1698.

Malam Bala: Hajiya, shekara 21 kacal suka riƙe ta. Sarakunan Nayak na ƙarƙashin daular Vijayanagara ta kudancin Indiya ne suka faɗaɗa ta, katangar dutse mai kusan kilomita 13 ta haɗe duwatsu uku: Rajagiri, Krishnagiri da Chandrayandurg. Haikalin Venkataramana ma nasu ne. Turawa sun ci Kano a 1903, wa ya taɓa cewa badala tasu ce?

Auwalu: Baba Bala, abin da ya sa wurin ya gagara shi ne ƙirarsa. Kafin ka kai ƙololuwar Rajagiri sai ka tsallake wani rami mai zurfi ta kan siririyar gada, in an janye ta shi ke nan. Ga rumbunan hatsi na dutse, ga tafkunan tara ruwan sama, har da wanda ake kira tafkin giwaye. Wannan tanadin ne ya riƙe Rajaram.

Hajiya Ladi: Wannan gaskiya ne, ɗana. Sai dai jerin UNESCO kan dabarun yaƙin Maratha yake magana, ba kan wanda ya aza harsashi ba.

Malam Bala: To a rubuta hakan a fili. Masarautar Bijapur ta riƙe ta, Mughal suka biyo, masallacin gwamnansu Sadatullah Khan yana nan a ciki, Faransawa ƙarƙashin kwamanda Bussy suka kama ta a 1750, Ingilishi a 1761. Ɗan makarantar da ya ga sunan Maratha kaɗai ba zai san da waɗannan ba.

Auwalu: Hajiya, in haka ne, Kalyana Mahal, doguwar hasumiyar nan mai hawa-hawa, a lissafin wa za a sa ta?